Injin doki 40 zai rage min kuɗin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwalekwale siriri a Mai Wurno, bakin kogin Shuɗin Nilu a Sudan, mita 9 yake zama a kan ruwa, ina ɗaukar mutane da kaya da injin Yamaha mai doki 15. An ce in sa mai doki 40 don in riƙa isa da wuri, mai ya ragu. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka isa da wuri, amma kuɗin mai ƙaruwa zai yi.

Jirgi in yana tafiya yana tayar da igiyar ruwa a hancinsa. Gudu na ƙaruwa, igiyar na ƙara tsawo, har ta kai tsawon jirgin kansa. A nan ne gindin jirgi ke nutsewa, hanci ya ɗaga, inji ya kama hawan tudun da shi ya gina. William Froude, injiniya ɗan Ingila, ya yi nazarin wannan tun ƙarni na 19, kuma lissafin gudun da hakan ke faruwa ba wuya. Nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsawon jirgin a kan ruwa, sai ka ninka ta da 4.5. Naka mita 9 ne, lambar 3 ce, wato kilomita 13 da rabi a awa.

Wannan ba katanga ba ce ga jirgi irin naka. Siririn jirgi yanka ruwa yake yi, igiyarsa ƙarama ce, yana iya wuce wannan gudun in lodi bai yi yawa ba. Sai dai kowane ƙari da tsada yake zuwa, domin ninka gudu sau biyu na cin ƙarfin inji wajen sau takwas. Irin injinan da ake haɗa musu fetur da baƙin mai kuwa, in aka murɗe totur, suna shan kusan rabin lita a awa kan kowane doki: mai doki 15 wajen lita 7, mai doki 40 wajen lita 20. A ce yanzu kana yin kilomita 14 a awa, rabin lita ke nan a kilomita. Babban injin da ƙyar ya kai ka 19, ka koma lita guda a kilomita.

Abin da nake so ka yi shi ne awo. Saka manhajar GPS a waya, ka yi hawa da gangara a wuri ɗaya da lodin da ka saba, ka haɗa gudun biyu ka raba biyu, ƙarfin ruwan kogi ya fita daga lissafi. Auna man da ya tafi, sannan ka maimaita da totur a sassauce. Galibi arha tana nan ƙasa kaɗan da inda gindi ya fara nutsewa.

Amma ka kula da watan Agusta da Satumba, lokacin da Shuɗin Nilu ya kawo. In kana hawa wajen Sinja ka sassauta da yawa, ruwa zai cinye maka tafiyar, inji ya daɗe yana shan mai a banza. A hawa ka ƙara wuta, a gangara wajen Sinnar ka sassauta.

Kuɗin sabon injin, da ni ne, sai in fara gyara farfela in ta lanƙwashe, in kankare gansakuka a ƙasan jirgi, in raba kaya kada nauyi ya taru a baya.