Tusar jaki a hannun yarinya: wanzami ko ruwan batir?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ɗiyata mai shekara 9 ta fito da tusar jaki guda uku a yatsun hannun dama, yau wata shida ke nan, har yara suna tsokanarta a lakwal. Uwar mijina ta ce a kai ta wurin wanzami ya tono saiwar, maƙwabciyata kuma ta ce in ɗiga mata ruwan batir. Na rasa wanda zan bi. Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada a yi ko ɗaya. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke kawo tusar jaki, kuma a cikin yara uku masu ita, wajen biyu takan ɓace musu da kanta kafin shekara 2, ba tare da ta bar tabo ba.

Maganar saiwa ce nake so mu tsaya a kanta, don ita ke cika mana ɗakin duba marasa lafiya. Tusar jaki ba ta da saiwa. A fatar sama kawai take zaune, ba ta kai nama ba, balle ƙashi. Baƙaƙen ɗigo-ɗigon nan da ake gani idan an kankare ta, waɗanda wanzami zai nuna miki da bakin aska ya ce "ga ta nan", ƙananan hanyoyin jini ne da jini ya daskare a cikinsu. To mutum yana neman abin da babu, yaushe zai daina tono? Sai ya yi rami a yatsan yarinya, jini ya ɓalle, askar ta kwashi ƙwayar ta shafa a lafiyayyar fata. Bayan 'yan watanni uku sun zama bakwai, jere a kan layin yankan, sai a ce ai saiwar ce ba ta fita duka ba, a koma. Ban ma taɓo ciwon hanta da ake ɗauka a askar da ta bi mutum goma ba, ko cutar sarƙe haƙora.

Ruwan batir ya fi muni. Ba ya bambance tusar jaki da nama, abin da ya tarar shi yake ci. An taɓa kawo mini yaro da aka ɗiga masa a gaɓar yatsa; ciwon ya warke, amma fatar ta tattare, yatsan bai sake miƙewa daidai ba. Haka soda ta sabulu, haka ƙusa mai zafi, haka nonon tumfafiya, wanda in yaro ya murza ido da shi wata masifar ce daban. Ga fatarmu da saurin yin tabo mai tudu. Su kuwa masu tallar magani a tire, da kwalabe marasa rubutu, har yau ban ga wanda ya dawo ya duba aikinsa ba.

Abin da za ki iya yi a gida shi ne ki je farmasi ta gaskiya ki nemi maganin shafawa mai sinadarin salisilik, irin mai kashi 17 cikin 100. Kowane dare ki jiƙa yatsun a ruwan ɗumi minti 5, ki goge matacciyar fatar a hankali, ki zagaye wurin da basilin, sannan ki ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai. Yakan ɗauki har mako 12, sai da haƙuri. Abin da kika goge da shi kada wani ya taɓa, kuma ki hana ta cizon wurin.

Wannan na hannu da ƙafa ne kawai. Ba a sa shi a fuska ko al'aura, kuma mai ciwon suga kada ya taɓa ƙafarsa da shi. Babba kuma da ya ga tsiro a tafin ƙafa yana baƙi, yana zubar jini ko yana saurin girma, ko zabiya da ya ga sabon tsiro ko'ina, likita zai gani, don ciwon dajin fata yakan fara da irin wannan kama.

Uwar mijinki alheri take nufi, ki lallaɓa ta, in da hali ma ku tafi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, tare ta ji da kunnenta. In wata uku sun cika ba canji, ko suna yaɗuwa zuwa gefen farce, ku nemi takardar zuwa babban asibitin jiha nan Tawa.