Tambaya da Amsa: Wace alamar muƙami zan sa wa sojojin wata duniya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya ne akan wasu halittu a wata duniya mai duhu, hasken rana baya isa can sosai, suna da jiragen yaƙi a sararin samaniya. Na zo kan muƙaman sojojinsu na maƙale, duk abin da na zana sai ya fito irin na sojan Najeriya, anini da mikiya. Ya zan yi? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira, wallahi tambayar nan ta min daɗi. Ajiye biron zanen tukuna, ka fara tambayar kanka su waye mutanen nan, me suke girmamawa, da me suke gani. Mikiyar da ke kafaɗar manjo a Najeriya daga tambarin ƙasa ta fito, a gurbin da sojan Ingila ke sa kambin sarauta, Indiya kuma zakunan Ashoka na tambarin ƙasarta ta sa a wannan gurbin. Turkawan daular Usmaniyya da yake asalinsu mahaya ne, jelar doki suke ɗaurawa a sanda, pasha, wato babban hakimi ko kwamanda, mai jela uku ya fi mai biyu. To halittunka da ƙila ko tsuntsu basu taɓa gani ba ina ruwansu da mikiya?

Kai da kanka ka bani amsar ai, tunda kace duniyarsu duhu ce. Wanda ya tashi a duhu launi bai dame shi ba, don haka alamarsu ta zama wadda ake shafawa da hannu, kamar ƙulli a jikin igiya, ko tsaga a sulke, ko wani ɗan haske mai ƙyaftawa sau ɗaya ga ƙaramin hafsa sau uku ga babba. Amma in haske ka zaɓa ka tuna maƙiyi ma yana da ido. A yaƙin duniya na farko hafsoshin Ingila a hannun riga suke sa aninansu, gwanayen harbi na Jamus suna hango su suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, dole suka maida su kafaɗa, a 1917 aka amince da hakan a hukumance. Kaga ka samu babi guda kenan, kwamandan da ya ƙi kashe haskensa a fagen fama saboda girman kai ko jarumta.

Sannan a sararin samaniya kowa na cikin rigar iska ne, fuska a rufe, kafaɗa ma ba lallai a ganta ba. NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta gamu da wannan, a hotunan tafiyarta zuwa wata ta Apollo 11 da 12 da ƙyar ake bambance waye waye, shi yasa daga Apollo 13 aka sa jan layi a rigar kwamanda. To kai ma alamarka ta zama babba, ana ganinta ta gaba da ta baya.

In kuma gwamnatinsu mai da'awar kowa daidai yake ce, duba Sin, ta soke muƙaman soja a 1965 sai 1988 ta dawo dasu, amma a tsakanin kowa yasan hafsa, rigarsa aljihu huɗu ce ta ƙaramin soja biyu. Ni wannan ya fi burge ni gaskiya.

Kar ka cika muƙamai, shida ko bakwai sun isa, tsarin ya riƙa hawa yadda mai karatu zai iya canko na gaba da kansa. Kuma tunda littafi ne ba fim ba, mai karatu baya ganin zanenka, a bakin sojojin zai ji shi, yadda a bariki ake cewa saje mai igiya uku, kyaftin mai anini uku. Ka sa kurtun jirgin ya raɗa wa ɗan'uwansa cewa ga mai ƙulli huɗu nan tafe, kowa ya miƙe.