Ƙanwata, kafin ki ba matar nan fasfonki

Na karanta saƙonki sau uku. Kin ce wata mata ta yi miki alkawarin aikin gyaran gashi a Italiya, za ta biya kuɗin hanya ta Agadas da Libiya, ki riƙa biyanta in kin fara aiki. Kin kuma tambaye ni wace ce baƙar sistar da ke hoton da na aiko wa Mama. Ita zan fara gaya miki.

Waliyiya Josephine Bakhita ce. Gawarta na kwance a garin Schio a nan Italiya, ba nisa da Vicenza inda nake zaune, kuma duk 8 ga Fabrairu nakan je. 'Yar Darfur ce, an sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita, wato mai sa'a, masu satar ne suka laƙaba mata. A wani gida an tsattsaga jikinta da reza wuri 114, aka cusa gishiri a raunukan. Ƙaramin jakadan Italiya ya saye ta a Khartum, a 1885 ta iso ƙasar nan, daga baya ta riƙa renon 'yar wasu masu kuɗi. Da uwar ɗakinta ta ce su koma Sudan, sai ta ce ba inda za ta. A 1889 hukuma a Venis ta tabbatar dokar Italiya ba ta san bauta ba. An yi mata baftisma a 1890, ta zama sista, ta rasu 8 ga Fabrairun 1947. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyiya a 2000. Ita ce majiɓinciyar Sudan da waɗanda aka yi fataucinsu.

Ranar idinta, 8 ga Fabrairu, ba tata kaɗai ba ce, tare suke da Waliyi Jerome Emiliani, sojan Venis da aka kama a yaƙi a 1511 aka ɗaure da mari. Da ya kuɓuta ya kai sarƙoƙin majami'ar Maryamu a Treviso, ya ƙare rayuwarsa yana tattara marayu daga titi, har annoba ta ɗauke shi a 1537. Shi ne majiɓincin marayu da yaran da aka yasar.

Bara a Schio wata yarinya 'yar ƙasarmu ta zauna kusa da ni, ta dafa gilashin da ke ƙarƙashin bagade, inda gawar Bakhita take, tana kuka ba sauti. Ita ma gyaran gashi aka ce mata. Kafin ta bar gida an sa ta rantsuwa, da ta iso aka karɓe takardunta, aka ɗora mata bashin dubban Yuro da ba ya ƙarewa, sai titi da dare. Ina sauraron labarinta, ke nake gani, shi ya sa hankalina ya tashi.

In karatu kike so, kina da sakamakon WAEC mai kyau. Ana fara rajista a Universitaly, shafin intanet na masu neman shiga jami'o'in Italiya, jami'a ta amince, sannan ki nemi biza ta ofishin jakadancin Italiya. Akwai tallafin jihohi ga ɗalibai marasa ƙarfi, kuma ni zan zauna mu cike takardun tare ta waya. Zai ɗauki watanni, ki yi haƙuri.

Yanzu dai kada ki ba ta fasfo, kada ki yarda da wata rantsuwa. Ki turo mini duk saƙonnin da ta aiko miki, ki kuma gaya wa Mama yau, ko ni in kira ta bayan sujada ranar Lahadi.