Akwatin Tambaya: Wai littattafan binciken kisa na yanzu sun kai na da?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni dai tun ina sakandare nake ɗauke wa babanmu littattafan James Hadley Chase ina karantawa a ɓoye, yanzu kuma ƙawayena sun ishe ni da waɗannan sababbin irinsu The Silent Patient, na karanta guda biyu duk ƙarshensu haushi ya ba ni. Wai ni ce na tsufa ko su ne dai ba su yi ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ba tsufa ba ne, ƙorafinki na kan hanya, amma bari mu fara ba su haƙƙinsu, don wallahi sun iya riƙe mutum. Babi gajere gajere, shafi uku huɗu, kowanne ya tsaya daidai inda dole ki buɗe na gaba, kina cewa bari in ƙara ɗaya sai ki ji ana kiran assalatu. Sannan sun ɗauke laifin daga hannun 'yan fashi da 'yan damfara irin na Chase sun shigo da shi har ɗakin mata da miji. Tunda Gillian Flynn ta fitar da Gone Girl a 2012 abin ya zama yayi, mata ta ɓace ranar da aurensu ya cika shekara 5, miji na ba da nasa labarin ita ma tana ba da nata, kuma duk cikinsu ba na yarda. A 2015 sai Paula Hawkins ta zo da The Girl on the Train, mai ba da labarin mashayiya ce, in ta yi tatul ba ta tuna abin da ta gani jiya.

To daga nan aka samu matsala, da aka ga abin ya karɓu sai kowa ya koma rubuta littafi don shafi goma na ƙarshe kawai, a juya labari a ba ki mamaki ko ta halin ƙaƙa. Alhali ƙa'idar labarin bincike ita ce marubuci ya baje miki alamu a fili, ya ɗauke hankalinki zuwa wani gun, in gaskiya ta fito ki ce kash ai na gani ban lura ba. Agatha Christie ta yi dabarar mai ba da labari maras gaskiya a wani littafinta tun 1926, kuma in kin koma kin sake karantawa za ki ga mai ba da labarin tsallake wasu abubuwa ya yi, bai zuga miki ƙarya ba. Na yanzu da yawa ɓoye miki ake yi kai tsaye. Shi The Silent Patient ɗin naki, na Alex Michaelides, 2019, farkonsa ya yi daɗi sosai, mace ta harbe mijinta daga nan ta daina magana kwata kwata, amma a ganina da lokaci aka yi mana wasa, ba wai mai karatu ya gaza wayo ba. Ga mutanen ciki ba nauyi, ki rufe littafi sati biyu ko sunansu ba za ki tuna ba. 'Yan sanda kuwa kamar hoto.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ba mu da irinsu ne a Najeriya? Daga wani malamin firamare a Gusau.

AMSA: Akwai su Malam, kuma ni sun fi kwanta min. Nemi My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018, a Legas aka gina shi, tun daga sunan ka san wa ke kisan, Ayoola na kashe samarinta yayarta Korede ma'aikaciyar jinya na goge jini, abin da zai hana ka barci shi ne har yaushe yayar za ta ci gaba da rufa wa ƙanwa asiri. Gajere ne, wasu ma na cewa ya ƙare da wuri. Sai Lightseekers na Femi Kayode, 2021, wanda ya samo tushe daga kisan ɗalibai 4 na Jami'ar Fatakwal da jama'a suka yi a Aluu a 2012. An ga waɗanda suka yi kisan a bidiyo, shi mai binciken dalili yake nema. Aibinsa kawai zaren labarin ya yi yawa wajen ƙarshe, sai ka natsu kar su cakuɗe maka.