Yaya zan rufe lambobin kati in bar huɗun ƙarshe?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja da Python, kuma ina so idan mutum ya biya kuɗi da kati, rasit ɗinsa ya nuna lambobi huɗu na ƙarshe kaɗai, sauran su koma taurari (*). Yaya ake yin haka, kuma shin wannan ya isa ya kare bayanan mutane?

Amsa: Aikin kansa ba shi da wuya. Ka riƙe lambar a matsayin rubutu, domin idan ka mayar da ita adadi, duk sifirin da ke farkonta zai ɓace. Bayan ka cire tazarar da ke tsakanin lambobin, sai ka rubuta "*" * (len(s) - 4) + s[-4:], inda s yake nufin rubutun lambar katin, wato taurari daidai yawan lambobin da za a rufe, sannan huɗun ƙarshe su biyo baya. Kada ka ɗauka kowane kati lambobi 16 gare shi, domin na American Express 15 ne, shi ya sa aka bar manhajar ta ƙirga tsawon da kanta. Ka kuma lura cewa idan rubutun bai wuce haruffa huɗu ba, wannan layi zai fito da shi duka a fili, saboda haka sai ka duba tsawon tun da farko.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi muhimmanci, kuma amsarsa ita ce a'a. Taurarin suna ɓoye lambar ne daga ido kawai. Idan sabar, wato kwamfutar da manhajarka take aiki a kanta, ta aika cikakkiyar lamba zuwa burauza, wato manhajar da mai biya yake buɗe shafin intanet da ita, sannan aka rufe ta a can, duk wanda ya buɗe kayan binciken burauzar zai gan ta yadda take, don haka dole a rufe ta tun kafin ta bar sabar. Wurin da masu koyo suka fi mantawa shi ne kundin da manhaja take rubuta kurakuranta, inda lambar kan faɗa a buɗe ba tare da kowa ya lura ba.

Ƙa'idojin kare bayanan katin biyan kuɗi da ake kira PCI DSS, waɗanda kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suka kafa, sun yarda a nuna lambobin farko masu tantance bankin da ya bayar da katin tare da huɗun ƙarshe, ban da na tsakiya. A ganina, rasit ba ya bukatar komai fiye da huɗun ƙarshe. Lambobin tsaro uku ko huɗu da ke jikin katin kuwa, ƙa'idojin sun hana adana su gaba ɗaya da zarar an kammala tantance biyan.