Ƙashin ƙafa a madadin muƙamuƙi

Malama, kin tambaya ko ƙanenki zai iya tafiya idan likitocin Jos suka ciro ƙashi daga ƙafarsa don maye muƙamuƙin da ƙari ya ci. Zai taka lafiya, in sha Allah. Ƙashi biyu ne a ƙauri: babban ne ke ɗaukar nauyin jiki, siririn na gefe ake cirowa, a bar kamar santimita 6 a sama da ƙasa domin gwiwa da idon sawu su tsaya daram.

Abin lura shi ne jijiyoyin jini. Tare da ƙashin ake ɗauko su, a ɗinke su da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Awa 72 na farko su ne masu haɗari, domin gudan jini na iya toshe ɗinkin, ƙashin ya mutu. Idan fatar da aka dasa tare da ƙashin ta yi shuɗi ko fari fat, ko ta yi sanyi, a kira nas nan take, ko da tsakar dare ne. Kada matashin kai ko igiyar riga su matse wuyan.

In yana shan taba, ya daina tun yanzu, tana tsuke jijiyoyi. Abinci kuwa ta robar hanci zai ci, mako ɗaya zuwa biyu. Allah ya ba shi lafiya.