Amsa ga mai neman dokokin wasan yaƙi na 'yan ƙananan sojoji kyauta

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka ga Turawa a YouTube suna jera 'yan ƙananan sojoji a kan tebur suna gwabza yaƙi da awo da dayis, kana son farawa a nan Sakkwato amma kuɗin littafin dokoki da na sojojin sun tsorata ka. To kwantar da hankalinka, na daɗe ina wannan wasa kuma ban taɓa sayen littafin dokoki ba.

Fara da One Page Rules. Dokokinsu na farko kyauta ne a intanet, gajeru ne ƙwarai. Kowace runduna tana da lamba biyu, ta ƙwarewa da ta kariya. Ka jefa dayis mai fuska shida, irin na ludo, in ya kai lambar ƙwarewarka ko ya wuce, sara ya samu. Kai ka motsa runduna ɗaya, abokin karawarka ya motsa ɗaya, babu mai zaman jiran gawon shanu. Tef ɗin tela ya ishe ka awo, tunda da inci ake lissafi. Akwai kuma littafin Little Wars na H.G. Wells, na 1913, kyauta a Project Gutenberg, shafin tsofaffin littattafai a intanet. Karanta shi don nishaɗi kawai, domin shi da 'yar igwa mai sifirin ake harbin sojojin, ba za ka same ta a kasuwa ba.

Sojoji kuwa, shiga shafin intanet na Junior General, akwai na takarda birjik. Ka buga su a shagon kwamfuta, ka manna a kwalin sukari, ka yanke. Ga abin da ba wanda ya gaya mani: ka liƙa wa kowane ɗaya wosha ta bakanike a gindi. Ranar da munka fara, ana kawo wuta fanka ta tashi, runduna biyu sunka watse har ƙarƙashin kujera. Na roba ma na gwada, na bar su a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, na tarar da masu da takubba duk sun lanƙwashe.

Sai maganar da na san za ta taso a gida, ta mutum-mutumi. Wani kawuna da ya gan su kan tabarma cewa ya yi, "Gumaka kake tarawa?" Ni ba malami ba ne, hukunci ka tambayi malaminka. Abin da na yi shi ne na koma ga yadda sojan Furushiya, wata tsohuwar daula a Jamus, sunka yi nasu wasan, wanda wani hafsansu Reisswitz ya gabatar a 1824: guntayen tubala ja da shuɗi a kan taswira, da alƙali a tsakiya. Kafinta ya yanko mani guntayen katako, na shafa fenti, na rubuta "baka", "mashi", "lifidi". Wallahi wasan bai ragu da komai ba. Kuma ko sisi ba mu ɗorawa a kai, kada wani ya ga dayis ya kira shi caca.

Inda abin ya fi yi mani daɗi shi ne da munka bar yaƙoƙin Turai munka dawo gida. Ɗauki Tabkin Kwatto, 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da 'yan lifida, jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, yawancinsu 'yan baka ne, dawakansu kaɗan, amma su sunka yi nasara. Da munka buga shi da dokokin yadda sunka zo, mahaya sunka tattake 'yan baka kafin shayi ya tafasa. Dole munka gyara: mun rage wa doki mai lifidi tsawon tafiya saboda nauyi, mun ba 'yan baka damar harbi kafin a iso gare su, mun kuma sa kowace runduna ta jefa dayis na ƙarfin zuciya in ta rasa rabin mutanenta. Nan ne wasan ya zama wasa. Amfanin dokar kyauta ke nan, ba ka jin ciwon soke ta da biro. Shehu da manyan malamai dai ba mu yi masu wani gunki ko hoto, tuta kawai muke kafawa.

Yaƙin Giginya na Maris 1903, da Turawan Ingila sunka ci Sakkwato, mun gwada sau ɗaya mun bari. Doki da takobi gaban bindiga mai ruwa, babu daɗi, ga shi yana sosa rai.

In kana son ganin ainihin kayan yaƙin zamanin, leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Fili kuma kada ka jira teburin ƙafa shida da huɗu da ake faɗa. Tabarma ta isa, yashin gulbi ya zama tudu, karan dawa ya zama shinge, yumɓu ya zama ganuwa. Fara da mutum goma-goma, ka ajiye su a roba mai murfi saboda ƙurar hunturu. In ka yanka naka, ka yi mani magana, muna zama ranar Asabar bayan la'asar.